Lura da Ƙuri'a: Tarihin Binciken Cututtuka a Ƙasar Malumfashi

Masana ilmin likitanci sun daɗe suna jayayya a kan hanyar da za a bi a tabbata cewa abu kaza shi ke kawo cuta kaza, ko kuwa magani kaza shi ne ya warkar da ita. Manyan hanyoyin biyu ne. Ta fari ita ce mai bincike ya zauna cikin jama'a, ya sa ido, ya ƙidaya, ya rubuta abin da ya auku, ba tare da ya sa hannu cikin al'amarin ba. A wannan maƙala za a kira ta binciken lura. Ta biyu kuwa ita ce ya kasa mutane kashi biyu, a ba wa kashi ɗaya magani, ɗaya kashin a ba shi wani dabam ko a bar shi haka nan, sa'an nan a gwada sakamako. Sharaɗinta shi ne kada likita ya zaɓi wanda zai shiga wane kashi, sai abin da ƙuri'a ta bayar. Wannan ita za a kira gwajin ƙuri'a. Kalmar ƙuri'a Hausa ta aro ta daga Larabci, kuma tun kafin ta zama sunan takardar zaɓe ma'anarta ita ce abin da akan jefa don a raba abu tsakanin mutane ba da son zuciya ba. Da wannan tsohuwar ma'ana aka ɗauke ta a nan.

A makarantun likita ana koya wa ɗalibai cewa gwajin ƙuri'a shi ne sarki, binciken lura kuwa bafadensa ne. Lalle akwai gaskiya cikin wannan magana. Amma tarihin aikin da aka yi a ƙasar Malumfashi da Funtua cikin shekarun 1970 ya nuna cewa kowace hanya da irin tambayar da take iya amsawa, kuma kuskure yakan shigo ne sa'ad da aka ɗora wa ɗaya kayan ɗaya.

Gwajin ƙuri'a a gona aka haife shi. R. A. Fisher, wani masanin lissafi na Ingila, shi ya tsara shi cikin shekarun 1920 a tashar gwajin noma ta Rothamsted. Dalilinsa kowane manomin kudancin Katsina zai gane shi nan take. In mutum yana da gona biyu, ɗaya kusa da fadama ɗaya a jigawa, ya zuba taki a ta fadama ya hana ta jigawa, in kaka ta yi ba shi da ikon cewa takin ne ya kawo bambancin amfani, gama ƙasar ma ta bambanta tun fil azal. Haka yake ga mutane. Likita yakan ba da sabon magani ga wanda yake ganin zai iya ɗauka, mai hali yakan riga matalauci zuwa asibiti, don haka waɗanda suka sha magani da waɗanda ba su sha ba sun riga sun bambanta kafin ƙwaya ta shiga bakin kowa. Ƙuri'a ba ta san mai hali ba, ba ta san matalauci ba, tana rarraba dalilan da aka sani da waɗanda ba a sani ba daidai wa daida tsakanin kashi biyun. Irin wannan tsari na yanka fili ƙanana-ƙanana a raba musu iri ko taki ya zama ruwan dare a tashoshin gwajin noma, har da na ƙasar nan irin su Samaru, inda aka daɗe ana fid da irin audugar da manoman Funtua ke shukawa.

A 1948 aka buga sakamakon gwajin da ya shigar da hanyar cikin likitanci sosai. Majalisar Binciken Likitanci ta Ingila, bisa tsarin Austin Bradford Hill, ta kasa masu tarin fuka 107 kashi biyu: 55 aka ba su allurar streptomycin tare da hutun gado, 52 kuwa hutun gado kaɗai. Bayan wata shida, kashi 7 cikin ɗari na masu allura sun rasu, na ɗaya ɓangaren kuwa kashi 27. Abin lura shi ne, shekara biyu kacal bayan haka, a 1950, wannan Hill ɗin tare da Richard Doll suka buga binciken da ya danganta shan taba da ciwon dajin huhu, kuma ba ƙuri'ar da suka jefa. Ba wanda zai tara samari ya ce wa rabinsu su sha taba shekara talatin don a ga abin da zai same su. Tambayar marasa lafiya suka yi, daga baya suka bi dubban likitocin Ingila shekara da shekaru suna rubuta abin da ya kashe kowannensu. Fisher, wanda shi kansa mashayin lofe ne, ya ƙi yarda da hujjarsu har ya bar duniya a 1962, yana cewa watakila wani abu ne na gado ke sa mutum son taba ya kuma sa masa ciwon. Lokaci bai ba shi gaskiya ba.

To, a tsakiyar shekarun 1970 aka kafa wani aikin binciken cututtukan da suka zauna da gindinsu a ƙasar Malumfashi, garin Galadiman Katsina, wanda a sa'an nan ke cikin Jihar Tsakiyar Arewa, daga 1976 kuma Jihar Kaduna, tun da Jihar Katsina sai a 1987 aka yanke ta. Aikin na haɗin gwiwa ne tsakanin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Liverpool, kuma cikin jagororinsa akwai Farfesa H. M. Gilles da Farfesa Umaru Shehu. Daga 1977 suka fara buga abin da suka samo a mujallar makarantar ta Liverpool, maƙala bayan maƙala, kowace da lambarta, har suka kai wajen ashirin. Abu na farko da suka yi shi ne ƙidaya, watau sanin yawan mutanen ƙauyukan, maza da mata, manya da yara, da waɗanda aka haifa da waɗanda suka rasu. Wannan aiki ba shi da armashi, amma shi ne harsashin sauran duka. Littafin asibiti yana faɗin mutum nawa suka zo da cuta; ba ya faɗin cikin mutum nawa suka fito, balle waɗanda suka mutu a gida ko a hannun mai maganin gargajiya.

Saran maciji ya isa misali. A 1980 R. N. H. Pugh da R. D. G. Theakston suka buga a mujallar Lancet cewa a ƙasar Malumfashi maciji yakan sari wajen mutum 48 cikin kowane 100,000 a shekara, a kwarin Binuwai kuwa wajen 497, inda fiye da mutum ɗaya cikin goma na waɗanda aka sara sukan mutu. Bambancin ya zo ne galibi daga yawan kububuwa a can, wadda ake yi wa laƙabi da gobe-da-nisa. A Malumfashi kumurci ya fi damun mutane, mai shiga ɗaki da dare, mai tofa dafi a ido. Ba gwajin ƙuri'ar da zai iya fito da waɗannan alƙaluma, gama ba magani ake gwadawa ba, nauyin masifa ake aunawa, kuma da su ne hukuma za ta san inda ya kamata ta ajiye allurar dafi. Amma da tambaya ta koma wace allura ce ta fi kashe dafin kububuwa, sai lura ta gaza, don kowane likita yana yabon wadda ya saba da ita. Nan David Warrell da abokan aikinsa na Zariya suka gwada allurai biyu gefe da gefe, suka buga sakamakon a 1974. Aka ci gaba a kan wannan turba har zuwa gwajin ƙuri'ar da aka yi wa mutum 400 a asibitin Kaltungo, wanda aka buga a 2010. Ko a can ba a bar kowa ba allura ba, domin lura ta riga ta tabbatar da cewa wanda kububuwa ta sara aka bar shi, jininsa ba ya daskarewa, kuma yana iya zuba har ya mutu.

Sha'anin tsargiya ya fi wannan faɗi. Cuta ce da tsutsarta ke girma cikin ƙananan dodon koɗi na ruwan da ba ya gudu ƙwarai, ta fito ta huda fatar mai wanka ko mai su, ta je ta zauna a jijiyoyin mafitsara, ƙwayayenta kuwa su riƙa fita cikin fitsari tare da jini. Pugh da Gilles suka bi mutanen ƙauyuka suna auna fitsarinsu lokaci bayan lokaci, suka tarar cutar ta fi tsanani ga yara maza, kuma 'yan kaɗan daga cikinsu su ke zubar da mafi yawan ƙwayayen. Don a san dalili, M. A. Tayo da abokan aikinsa suka sa ido a madatsar ruwa ta Ruwan Sanyi, suna rubuta wanda ya shiga ruwa, da abin da ya kai shi, da daɗewar da ya yi a ciki. Kusan dukan masu shiga ruwan maza ne, samari da yara su ne kan gaba wajen iyo da kamun kifi. Wanda ya san zaman aure na kulle da rijiyoyin cikin gida ba zai yi mamaki ba, amma rashin mamaki ba hujja ba ne sai an ƙidaya. Daga wannan ne suka ba da shawarar cewa in magani bai isa kowa ba, a fara da yara mazan da cutar ta fi kamawa.

Ana cikin haka sai ƙasar kanta ta sake. A 1975 aka buɗe shirin bunƙasa aikin gona na Funtua da rancen Bankin Duniya, wanda ya haɗa da gundumomin Funtua, Bakori, Malumfashi, Ƙanƙara da Faskari, ya kawo takin zamani da hanyoyin karkara da ƙananan madatsun ruwa. Madatsa alheri ce ga makiyayi da mai noman rani, amma gida ce ga dodon koɗi. Masu binciken, da yake sun riga sun auna mutane tun da fari, suka sami abin gwadawa, suka yi gargaɗi a 1980 cewa tsargiya na ƙaruwa inda aka tare ruwa. Ba wanda ya jefa ƙuri'a a kan ƙauyen da za a yi wa madatsa, kuma ba Bature ko ɗan ƙasa da zai yarda a yi haka saboda bincike. Illar da aikin raya ƙasa ke jawowa, in ba mai lura ya gan ta ba, ba mai ganinta.

Sai dai binciken lura yana da wani rauni wanda ya shafi ma'abota nazarin Hausa kai tsaye, gama rabinsa da baki ake yin sa. Likita ya tsara tambaya da Turanci, tafinta ya juya ta, uwa ta amsa daga bayan zana ko ta bakin mijinta, sa'an nan a mai da amsar lamba. A kowane mataki ana iya yin ɓari. Cutar da ke da suna tsayayye da alama bayyananniya, kamar ƙyanda ko tsargiya, ƙidayarta takan zo kusa da gaskiya, ko da yake a wurare da dama ana ɗaukar fitsarin jini ga yaro namiji alamar girma ce, ba abin kai ƙara ba. Amma zazzaɓi kalma ce mai ɗaukar kowane zafin jiki. Ƙarin da ake yi mata na "cizon sauro" daga asibiti da makaranta ya fito. Sanƙarau kuwa daga sanƙarewa aka ciro shi, watau siffar wuyan mara lafiya aka duba, ba ƙwayar cutar ba. Ga kuma kunyar ɗan fari, wadda ke hana uwa ambaton sunansa, da jaririn da ya koma kafin ranar suna, wanda sau da yawa ba a lissafa shi cikin 'ya'ya in baƙo ya tambaya. Mai ƙidayar da bai san waɗannan ba zai rubuta mace-macen jarirai ƙasa da yadda suke, yana kuwa tsammani ya yi aiki tsab.

Murray Last, wanda malamai suka fi sani da littafinsa na tarihin Daular Sakkwato, ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Malumfashi yana nazarin yadda suke fama da cuta, ya kuma buga wata maƙala a 1981 a kan muhimmancin sanin abin da mutane ba su sani ba. Ya nuna cewa sau da yawa mara lafiya da danginsa ba su san sunan ciwon ko sababinsa ba, ba su kuma damu su sani ba, muddin dai a sami sauƙi. Abin da ke biyo bayan wannan a fili yake: in baƙo mai takarda ya matsa da tambaya, ladabi zai sa a ba shi wata amsa, shi kuwa ya rubuta ta a matsayin ilmin jama'a. Malamin da ke horad da ɗalibai aikin tafinta ko na ƙidaya ya kamata ya karanta wannan maƙala kafin ya tura su ƙauye.

Ba a ƙauye kaɗai lura ke yin tuntuɓe ba. A Amurka an bi dubban mata ma'aikatan jinya shekaru masu yawa, aka ga waɗanda ke shan wani maganin sinadarin jiki bayan ɗaukewar haila sun fi tsira daga ciwon zuciya, likitoci suka yi ta rubuta shi. Da aka yi babban gwajin ƙuri'a, wanda aka tsai da shi a 2002, ba a sami wannan kariya ba, sai ma ƙarin haɗari. Ɗaya daga cikin dalilan saɓanin shi ne matan da suka zaɓi shan maganin tun can sun fi sauran lafiya da wadata. Gonar fadama ce aka zuba wa taki.

Ma'aikatan Malumfashi sun san wannan rami, shi ya sa da suka zo kan zazzaɓin cizon sauro suka haɗa da gwaji. Tun 1972 Brian Greenwood da abokansa a Zariya sun lura cewa yaron da ke fama da wannan zazzaɓi jikinsa ba ya karɓar wasu alluran rigakafi yadda ya kamata. Sai A. M. Bradley-Moore da Greenwood da sauransu suka ɗauki jarirai wajen ɗari biyu suna ba su chloroquine kowane mako, tare da wasu kimanin yawansu da ba a ba su shi ba, aka buga sakamakon a 1985. Zazzaɓi ya ragu ga masu shan maganin. Amma gwajin yara 'yan ɗaruruwa ba shi da ƙarfin yanke hukunci a kan mutuwa, domin ko inda mace-mace suka yi yawa, waɗanda za su rasu cikin irin wannan adadi ba su isa a bambance aikin magani da sa'a ba. Wannan shi ne raunin gwajin ƙuri'a: tsada, da ƙanƙanta, da gajeren lokaci. Sai da Greenwood ya koma Gambiya a 1980 aka yi gwaje-gwaje masu faɗi, waɗanda suka nuna cewa maganin rigakafi da gidan sauro mai feshi suna rage mutuwar yara. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 magani wata-wata cikin damina a ƙasashen Sahel, kuma Katsina na cikin jihohin Nijeriya da aka fara aiki da shawarar.

Labarin sanƙarau shi ya fi nuna yadda hanyoyin biyu ke miƙa wa juna sanda. Likitan sojan Faransa Léon Lapeyssonnie, daga tattara rahotannin annoba kawai, ya zana a 1963 iyakar yankin da cutar ke yi wa ɓarna, daga yammacin Afirka zuwa gabas, ƙasar Hausa tana tsakiyarsa. Kowa ya san annobar takan tashi da rani ta kwanta da saukar ruwan sama, kamar yadda aka gani a Zariya a 1977. Abin da ba a sani ba shi ne inda ƙwayar cutar ke ɓuya da damina. I. S. Blakebrough da abokan aikinsa suka riƙa shafo maƙogwaron mutane masu lafiya a ƙasar Malumfashi rani da damina, suka tarar masu ɗauke da ƙwayar ba tare da ciwo ba suna nan kowane lokaci. Ashe yaɗuwarta ba ta tsayawa. Abin da rani ke sakewa shi ne sauƙin da take samu na ƙetarawa daga maƙogwaro zuwa jini, kuma ana zaton busasshiyar iska da ƙurar hunturu ne ke buɗe mata ƙofa. Suka kuma gwada allurar rigakafin wancan zamani ga 'yan makaranta maza, suka buga a 1983 cewa ba ta hana ƙwayar zama a maƙogwaro da wucewa daga wannan zuwa wancan ba. Watau tana kāre wanda aka yi wa na ɗan lokaci, ba ta kāre gari.

Tsakanin wannan da abin da ya biyo baya akwai wani baƙin babi. A annobar 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a kan yara a Kano. Yara 200 suka shiga gwajin, 11 suka rasu, biyar cikin masu sabon maganin, shida cikin masu ɗayan. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, ba a kuma nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musa, aka yi ta shari'a har aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Ƙuri'a tana gyara lissafi, amma ba ta maye gurbin bayani da harshen da uwa ke ji. Mutane da yawa sun tuna da wannan al'amari sa'ad da aka ƙaurace wa allurar shan-inna a 2003.

Allurar da ta cike giɓin da aka gano a 1983 ita ce MenAfriVac, wadda aka fara yi wa jama'a a 2010 a Burkina Faso da Mali da Nijar, a Nijeriya kuwa daga 2011. Gwajin ƙuri'ar da aka yi mata kafin a yarda da ita ya auna ƙarfin garkuwar da take sa wa jini ne. Ko za ta kashe annoba a gari, wannan sai lura ta faɗa. A Chadi aka sami yankunan da aka riga aka yi wa allura da waɗanda ba a kai gare su ba tukuna, annoba tana ci, aka gwada su, aka tarar cutar ta ragu da kashi 94 cikin ɗari inda aka yi allurar, masu ɗauke da ƙwayar a maƙogwaro ma sun kusa ƙarewa. Bambanci mai girman haka ba ɓoyayyen dalilin da zai iya haifar da shi.

Amma allurar jinsi ɗaya kaɗai take kārewa, wanda ake kira A. A ƙarshen 2016 sanƙarau ya sake tashi a Zamfara, ya bazu zuwa Sakkwato da Katsina da maƙwabtansu, aka lissafa fiye da mutum 14,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 1,100 suka rasu. Ruwan ƙashin baya da ma'aikatan sa ido suka ɗiba suka aika ɗakin awo shi ya nuna cewa wannan karon jinsin C ne. Sabuwar allura mai kāre jinsi biyar an yi mata gwajin ƙuri'a a kan mutum 1,800 a Mali da Gambiya, aka buga sakamakon a 2023, kuma a watan Maris na 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara yi wa jama'arta ita.